Dawakan Malam Gwadabe

"Tonton, ka shirya? Ga bakin gada nan!" in ji Abduljalil, ya taka mota har ƙasa.

Alhaji Kalla, wanda yake kira Tonton, wato kawu, ya manne da kujera. Hannu ɗaya ya damƙe ƙofa, ɗaya yana riƙe da carbi, buhun albasa ashirin suna rawa a bayansu. Tsohuwar a-kori-kurar ta yi wani gurnani da bai taɓa jin irinsa ba, kujera ta zuƙe shi baya, iska ta fizge hularsa ta tagar mota ta aika wa kifaye. Ya fara jan carbi yana Subhanallah, domin aikin da aka ɗauko shi ya yi ke nan.

Shekara talatin katanga ɗaya ce ta raba Kalla, ɗan kasuwar albasa mutumin Madawa, da Malam Gwadabe makanike, Bakano, a unguwar Bromakoté da ke Adjamé, can ƙasar kurmi. Kullum cikin tsiya suke. Gwadabe ya ce mutanen Nijar ko turare suka shafa albasa ce ke fara sallama, Kalla ya ce Bakano ko a masallaci ciniki yake. Motar kuwa ta Gwadabe ce, kuma duk Adjamé an san ya fi kula da ita a kan cikinsa. Aikinsa na ƙarshe a kanta, ya ɗora mata turbo, ya gyara famfon mai, ya faɗaɗa salansa. Ranar da ya ɗaure ƙusa ta ƙarshe ciwon hanta ya kwantar da shi, bai ko zagaya unguwa da ita ba. Bayan wata biyu likita ya ce a koma da shi gida, kowa kuma ya gane abin da hakan ke nufi.

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: ko aikin ya yi, ko bai yi ba.

Abduljalil, babban ɗansa direban gbaka, ƙaramar bas ta haya, wanda Faransancinsa ya fi Hausarsa tsayi, ya ce akwai garejin da ake ɗora mota a kan na'ura, ta fitar da takarda ta faɗi ƙarfin doki nawa injin ya ƙara.

"Na'urar da ba ta san motar tana da ƙuruciya ba, me za ta gaya mini?" in ji Gwadabe daga kwance. "Bara da carbin Alhaji na auna ta. Gadar Treichville, buhu ashirin, daga wannan baki zuwa wancan, tasbihi arba'in da ɗaya. Mudun da aka auna da shi jiya, da shi za a auna yau. In lissafi ya ragu, ta ƙara gudu."

Shi ya sa safiyar Lahadi, hanya ba kowa, Kalla ya tsinci kansa a kan ruwa ba hula.

Suna sauka daga gada ya dubi yatsunsa, ya sake ƙirgawa.

"Nawa, Tonton?"

"Hamsin da takwas."

"C'est pas possible! Wallahi ta tashi kamar avion, jirgin sama sak!"

"Carbi ba ya ƙarya, ɗana."

Suka sauke albasa a rumfa kusa da babban masallacin Treichville, Kalla ko gaisuwar abokan ciniki bai iya amsawa da kyau ba. Baƙin ciki ya cika shi. Mutum ya ƙarar da ƙarfinsa na ƙarshe a kan injin, a je a ce masa baya ta ci? A hanyar komawa Abduljalil ya ce, "Tonton, ka ce wa Baba talatin da biyar. Wa zai sani?" Kalla ya yi ta juya maganar har suka wuce Plateau. Talatin da biyar ya yi masa daɗi a baki, har ya gwada faɗinta sau biyu a hankali.

Sun tarar da Gwadabe an jingina shi da matashi, Ladidi matarsa tana masa fifita. Ya rame har zoben hannunsa ya koma babban yatsa, amma idanun nan na makanike suna nan.

"To, sarkin albasa, nawa?"

Kalla ya buɗe baki da talatin da biyar, sai ya ji ba zai iya ba. Shekara talatin yana zagin mutumin nan, bai taɓa yi masa ƙarya ba.

"Hamsin da takwas, Gwadabe."

Ladidi ta daina fifita. Gwadabe ya daɗe yana kallon abokinsa daga ƙafa har ka.

"Ina hularka?"

"Tana cikin ruwa."

Gwadabe ya juya ga ɗansa. "Kai, yaya Alhaji yake jan tasbihin? Gwada mini."

Abduljalil ya rufe ido, ya ƙanƙame ƙafar gado, ya shiga zubo "subhanallasubhanallasubhanalla" ba numfashi.

Dariyar da Gwadabe ya yi sai da maƙwabta suka leƙo. Ya yi ta har tari ya sarƙe shi, Ladidi na cewa, "Malam, a hankali mana," ita ma tana share hawayen dariya da bakin zane.

"Bara kana ja kana hamma," ya ce da ya samu numfashi. "Har goro ka ɓare a tsakiyar gada. Yau tsoro ya ƙara maka sha bakwai. To ai shi ke nan awon! Doki goma sha bakwai ta ƙara, Alhaji, kuma duk a ƙirjinka suka yi sukuwa."

"Ɗan banza," in ji Kalla, daɗi ya kama shi har ya rasa inda zai sa kansa. "Ka biya ni hulata."

"Ka tambayi kifi."

A ranar nan Gwadabe ya ce a dama masa kunun gyaɗa, ya sha rabin kofi, abin da ya yi kwana tara bai yi ba. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ji labarin dawakai sha bakwai, kuma kowane zuwa Kalla ƙara tsorata yake a cikin labarin. Ranar Talata bayan azahar Allah ya karɓi abinsa.

A bayan motar aka ɗora makara, maza takwas suka zauna gefe da gefe, Kalla a gaba. A hankali suka ratsa Adjamé, masu tebur suna janye kaya suna cewa yako, wato sannu da rashi. Da suka zo hawan da ke kaiwa maƙabartar Williamsville, Abduljalil ya kai hannu zai rage giya, kamar yadda kowane direba ke yi a wurin. Injin bai nema ba. Ya ci gaba da hawa da muryarsa guda, ba tari, ba gunaguni.

Abduljalil ya dubi Kalla, Kalla ya dubi titi. Sannan Abduljalil ya janye hannunsa daga kan giya, ya ɗora a gwiwarsa.