Awa Biyu na Ranar Laraba

Sista ta naɗe hannun rigar Baba don ta ɗaura masa abin awon jini, sai ta dakata. A tsintsiyar hannunsa akwai shaidar yatsu huɗu, sun yi baƙi a fatar tsoho. Ta gama awonta, ta rubuta a kati, sannan ta juyo wajen 'yarsa da ke tsaye rungume da jakar magunguna.

"Malama, zauna. Kawo hannunki ke ma."

"Ni lafiyata ƙalau. Shi na kawo."

"Na sani. Zauna dai."

Malama ta zauna, ranta bai so ba. Shekara ashirin da biyu tana koyar da lissafi a firamare, ita ke cewa a zauna, ita ke cewa a tashi, ba ta saba a ba ta umarni ba. Shekara biyu ke nan da ta ajiye alli ta tare a gidan mahaifinta, tun da ƙwaƙwalwarsa ta fara zubar da abubuwa. Da farko makullin ɗaki yake mantawa, daga baya hanyar gida, daga nan sai sunayen 'ya'yansa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana jan babbar mota, wanda ya san kowane rami a hanya, yanzu sai an riƙe hannunsa an nuna masa ƙofar banɗaki.

Yatsun nan nata ne. Shekaranjiya wajen wanka ya ƙi cire riga. Ta yi masa bayani sau biyar, dalla-dalla, yadda take yi wa 'yan aji uku, a na shida ta damƙe hannunsa ta matse. Ba matsewar ce ta fi tayar mata da hankali ba. A wannan ɗan lokacin ba ta ji tausayinsa ba ko ƙanƙani, har wani sanyi ta ji a ranta da ya yi ƙara. Tun ranar take yawo da tsoro guda ɗaya wanda ba ta faɗa wa kowa ba: ta fara tsanar ubanta, kuma ba ta san abin da hannunta zai yi nan gaba ba.

Sista ta duba lambar da abin awon ya nuna, ta ɗaga gira.

"Jininki ya fi nasa hawa. Yaushe rabonki da fita, ban da asibiti da kemis?"

Malama mai lissafi ta yi ta ƙirga a ranta, amsa ta ƙi fitowa.

Sista ta yago takarda ta rubuta: Laraba, ƙarfe uku zuwa biyar. "Wannan maganinki ne, ba nasa ba. Ki yi wanka, ki sa kayan kirki, ki bar gidan. Ban ce ki je cefane ba. Ki je inda ba wanda zai kira ki."

"To wa zan bar wa shi?"

"Ba ku da kowa?"

"Kowa ya gudu," in ji Malama.

A nan kam, sai dai Malama ta yi haƙuri, ba ta faɗi gaskiya duka ba. Mutane sun zo. Goggo, ƙanwar Baba, ta zo da jakarta da niyyar wata guda. Duk zanin gadon da ta shimfiɗa sai Malama ta bi bayanta ta yaye ta sake ja, wai kusurwa ba ta zauna ba. Kwana shida Goggo ta tuna tana da ciwon gwiwa. Matar maƙwabci ta ɗauki ba shi abincin rana, aka ce cokalin ya yi girma, abincin ya yi zafi, ta cika sauri. A bangon ɗakin Baba akwai jadawali a kan kwali, an ja layukansa da rula, duk wanda ya makara da magani ko da minti goma ne zai tarar an zagaye wurin da jan biro. Ba mugunta ba ce. Malama ba ta iya ganin kuskure ta wuce shi ba, haka aikinta ya gina ta. Ɗaya bayan ɗaya suka ce ai Malama ta fi kowa iyawa, suka zame jiki, ita kuma ta zauna tana jin haushin an bar ta ita kaɗai.

Wanda ya rage shi ne Auta, ƙaninta makaniki, mutumin da ko a taron makoki sai ya sami abin ban dariya. Ranar Laraba ya iso ƙarfe uku saura, farcensa baƙi ƙirin da man inji. Ta miƙa masa takarda shafi uku, gaba da baya.

Ya juya su yana fito. "Yaya, in kin dawo jarrabawa zan rubuta? Wallahi littafin injin tirela bai kai wannan ba."

"Ka karanta lamba bakwai sau biyu. Kuma ka wanke hannun nan."

"An gama, ranki ya daɗe."

"Kada ka ba shi shayi bayan ƙarfe huɗu."

"Yaya, tafi. Ubana ne ni ma fa."

Baba na gyangyaɗi a kujera lokacin da ta shiga ɗakinta. Ta cire tsohuwar rigar da ta zame mata fata ta biyu, mai tabon man zafi a ƙirji, da koɗaɗɗen ɗankwalin da take ɗaurewa har bisa gira. Ta buɗe akwati, warin kafur ya buge ta. Ta ɗauko shuɗiyar rigar da ta fi sawa zuwa makaranta. Ta yi mata yawa, sai da ta kama gefe da fil. Ta sa 'yan kunne, ɗaya hujin har ya fara toshewa. Ta sa tabarau, ta shafa ragowar turare. Da ta dubi madubi sai ta ji kunya, kamar ta ari kayan wata.

A waje ƙafafunta suka ɗauke ta kai tsaye zuwa kemis. Sai da ta ɗora ƙafa a matakala ta tuna ba abin da aka aiko ta saya. Ta juya ta bi titi, tana sauri kamar mai wurin zuwa. Ta wuce masu walda, ta wuce shagon mai gyaran takalmi, har ta tsinci kanta a ƙofar makarantarsu. An tashi. Maigadi ya gane ta, ya miƙe yana murna, abin da ya fara tambaya shi ne, ya mai jiki. Ta ce da sauƙi. Kowa haka yake tambaya, ita ma haka take amsawa.

Ta leƙa ajinta ta taga. Rubutun wata ne a allo, manya-manya, ya karkace yana gangara. A lissafi na uku an manta ba a ɗauki ɗaya ba. Yatsunta suka yi ƙaiƙayi, ta taɓa ƙofar, a kulle take. Ta daɗe tana kallon kuskuren nan da zai kwana a allo ba mai gyarawa.

Daga nan ta sami benci a bakin wani shago kusa da inda motocin haya ke tsayawa. Ta sayi lemon kwalba mai sanyi. Ta kurɓa, ta jira a kira ta. Ba a kira ba. Ta sake kurɓa. Rabon da ta sha abu tun daga farkonsa har ƙarshensa ba ta ajiye ta ruga ba, ta manta. Da ta kai rabin kwalbar sai hawaye suka ɓalle, ba ta san daga ina ba, ta juya wa mai shago baya tana gogewa da gefen mayafi.

Wata mota ta tsaya a gabanta, direban ya leƙo yana cewa saura mutum ɗaya. Malama ta dubi kujerar da ba kowa, kusa da taga. Ba ta ma ji inda ya ce za shi ba. Abin da ta ji shi ne zuciyarta na cewa shiga, shiga kawai, duk inda ya tsaya ya yi. Har ta ɗaga jaka daga cinyarta. Motar ta ja da wani fasinja, ta bar ta zaune da jaka a hannu. Ashe abin ya kai nan. Ta yi zaton in ta fita kewarsa za ta dame ta, sai ga shi komawar ce ba ta so.

Ta duba waya karo na goma sha ɗaya. Auta bai kira ba. Maimakon hankalinta ya kwanta sai ta ji haushi ya turnuƙe ta. Wato ko tambaya ɗaya ba shi da ita? Shafi uku, ko wuri ɗaya bai shige masa duhu ba? Ta tashi ta kama hanyar gida, saura minti ashirin a cikin awa biyun da aka rubuta mata.

Tun daga tsakar gida ta jiyo dariya. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin, idonta ya fara aikin da ya saba. Takardunta na kan tebur, an ɗora kofin shayi a kai, ya zana da'ira a daidai lamba bakwai. Shayi, ƙarfe biyar saura. Zanin gado ya zame rabi a ƙasa. Ɓurɓushin burodi a gaban rigar Baba, maɓallin sama a ramin da ba nasa ba. Auta na zaune a ƙasa ya miƙe ƙafa, Baba na nuna masa da hannu yadda ake sauke giya a gangare in birki ya yi zafi, yana kwaikwayon kukan injin da baki.

Faɗa ya taho mata har maƙogwaro. Ta buɗe baki ke nan Baba ya ɗago kai.

Ya dube ta tun daga 'yan kunne har takalmi. Fuskarsa ta buɗe gaba ɗaya.

"A'a! Malamata!"

Haka yake kiranta tun ranar da ta kawo masa takardar kama aiki. Shekara ɗaya da rabi rabon da ta ji shi a bakinsa. Jaka ta suɓuce daga hannunta. Auta ya janye ƙafafunsa, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Ina kika shiga haka? Zo nan, zo nan. Kai, ba ta wuri mana, ba ka ga daga makaranta take ba?"

Ta durƙusa a gabansa. Ya kama hannayenta biyu yana jijjigawa.

"An tashi yaran?"

"An tashi, Baba."

"Kin rame. Aikin nan na cin ki. Shi ya sa ba kya zuwa, na sani, ban yi fushi ba." Ya shinshina iska yana murmushi. "Ƙamshin nan naki. Tun daga ƙofa nake gane ki."

Malama ta so ta ce kullum tana nan, ita ke tashinsa, ita ke kwantar da shi. Gyaran na bakin harshenta. Kafin ta furta, Baba ya dubi ƙofa, ya dubi taga, ya sunkuyo kusa da kunnenta ya rage murya.

"Tun da kin zo, akwai maganar da nake so in yi miki. Akwai wata mata a gidan nan."

"Baba," in ji Auta da sauri, "bari in ƙaro maka..."

"Kai rufe mini baki, da yayarka nake." Ya ƙara matse hannunta. "Ita ke yi mini komai, ba zan yi mata ƙarya ba. Wanka, abinci, komai. Ba ta zama. Amma ba ta dariya, Malamata. In ta shigo ɗakin nan sai gabana ya faɗi. Tana tambayata abu, in na ba da amsa ta ce ba haka ba ne. Kullum ba haka ba ne. Ni kuma na yi ta nema a kaina, ba na samu."

Ba ta iya ɗaga kai ba. Tana kallon maɓallin da ke ramin da ba nasa ba, yana rawa a cikin ruwan idonta.

"So kake a kore ta?" Muryar da ta fito ba ta yi kama da tata ba.

"A'a, a'a! Haba. Ina za ta? Ina ganin ba ta da kowa, baiwar Allah. Ban taɓa ganin wani ya zo wurinta ba." Leɓensa na motsi yana neman kalmomi. "Ke dai kin iya magana. Ki ba ta haƙuri. Ki ce mata ban san laifin da na yi mata ba, amma ko mene ne, ba da gangan na yi ba."

Auta ya miƙe ya fita tsakar gida. Ta ji ya buɗe famfo, ruwa na ta zuba, ba abin da yake wankewa.

"Za ki gaya mata?"

"Zan gaya mata, Baba."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya jingina da kujera kamar an sauke masa kaya. Ya shafa bayan hannunta da babban yatsa, a hankali, yadda yake yi tana ƙarama in zazzaɓi ya kama ta.

"Yawwa. To zauna, kada ki yi saurin tafiya. Ba ta dawo ba tukuna."