Tarkon Satar Gida

Sati uku ke nan wasiƙar tana aljihun Yafet, har ta yi laushi saboda buɗewa da naɗewa. Wani kulob ɗin ƙwallon ƙafa ne a Holan ya gayyace shi gwaji, da sa hannun Koci Dekkinga a ƙasa.

Shi dai Dekkinga tsohon mai tsaron baya ne, Bature ɗan Holan. Shekara goma sha biyu ya yi yana tare 'yan gaba a ƙasarsu, ya zo Amurka da gwiwa ɗaya mai ƙara, ya horar da kulob biyu, duka suka rushe. Yanzu, a 1999, abin da ya rage masa shi ne 'yan Arewa da 'yan Nijar masu taruwa ranar Lahadi a wani fili kusa da unguwar Stapleton. Abu guda ya dage sai sun iya: tarkon satar gida. 'Yan baya huɗu su jeru, da ya yi ihu su taka gaba tare, ɗan gaban abokan hamayya ya tsinci kansa a haramtaccen wuri. Ɗaya ya makara, an sha su.

Yafet, ɗan Jos mai tura kaya a Canal Street, bai taɓa makara ba. Shi ya sa tsohon ya zubar da girmansa, ya roƙa masa gwajin a wurin mutanen Holan da ya yi shekaru bai gaisa da su ba.

Sai dai bizar Yafet ta mutu tun tuni. Lauya ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye: ya kuskura ya fita daga Amurka, shekara goma ba shiga. Ga matarsa Anna tana aikin asibiti, ga 'yarsu Nendirmwa da aka haifa a nan.

"Baban Nendi, ka faɗa masa mana," in ji Anna. "Mutumin nan har jirgin da za ka hau yake tambaya."

"Dattijo ya yi mini wannan, in dubi idonsa in ce a'a? Ba haka aka rene ni ba."

Haka ya yi ta sunkuyar da kai yana godiya, Bature kuwa ina ya san kunya, ya ɗauka magana ta ƙare. Yafet ya ji ƙasar nan duk faɗinta ta zame masa akurki.

Ranar Lahadi, bayan coci, suka kara da 'yan Ghana. Ana ɗaya da ɗaya Dekkinga ya daka tsawa: "Gaba!" Mutum uku suka taka. Yafet ya hango Nendirmwa a bakin fili tana kiran "Daddy", ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa. Ɗan Ghana ya wuce abinsa, ya zura ƙwallo.

Da aka tashi, tsohon ya ɗingiso ya tsaya a gabansa.

"Shekara biyu ba ka makara ba. Me ya riƙe ka?"

Yafet ya ciro wasiƙar, ya miƙa da hannu biyu, kansa a ƙasa.

"Koci, in na taka gaba, babu dawowa."

Dekkinga ya dubi takardar, ya dubi yarinyar. Sannan ya cusa takardar a aljihunsa.

"Ni ma wata shida na zo yi a ƙasar nan," ya ce. "Kwaso ƙwallayen. Lahadi ƙarfe biyu."