Akwatin Takardun Tsoho Gao

"Riƙe takardar da kyau, mahauci, ba fatar rago kake shanyawa ba," in ji Tsoho Gao.

Na danne gefen takardar da tafin hannuna. Ya tsoma alƙalamin gashinsa a tawada, ya share bakinsa a jikin dutsen niƙan tawadar, ya ɗaga. Hannun ya tsaya a sama yana rawa. Kafin ya sauke shi, ɗigo guda ya faɗo tsakiyar takardar ya bazu.

"Ta bakwai ke nan yau," na ce. "Ka bari sai gobe."

"Goben a kasuwarku ake sayar da ita? Sayo mini kilo biyu." Ya yi tari, ya jingina da bango. "Ninke ta ka sa a akwati. A hankali, ka ji."

Na jawo akwatin katakon daga ƙarƙashin gado. Cike yake har baki, sai da na danna da gwiwar hannu kafin murfin ya rufu.

Shekara sittin da ɗaya katanga guda ce tsakanina da shi, a lungu ɗaya cikin birnin Kaifeng na ƙasar Sin. Ni Ding ne, Musulmi, mahauci ɗan mahauci, aji uku na yi aka miƙa mini wuƙa. Shi kuwa jikan Yahudawan garinmu ne, waɗanda iyayenmu ke kira masu shuɗiyar hula. Ba sa cin alade, kuma sai an zare musu jijiyar cinya suke cin nama. Ubana ya zare wa ubansa, ni na zare masa. Ɗakin ibadarsu ya rushe tun kafin a haifi kakanninmu, malaminsu na ƙarshe ya mutu bai bar magaji ba. Abin da ya rage wa gidan Gao falle ɗaya ne na rubutun addu'arsu, wanda kakarsa ta ɗinke cikin matashin kai a zamanin da ake bin gida gida ana ƙone tsofaffin kaya. Ba ya iya karanta ko harafi guda. Amma aikinsa rubuta allunan shaguna ne, hannunsa ya san hanya. Tun da ya ajiye aiki, kowace safiya sai ya kwafi fallen nan, yana zana baƙaƙen yadda ake zana fuskar mutumin da ba a san sunansa ba.

A shekarar, jikokin Yahudawan da ke haɗuwa yammacin Juma'a a wani ɗaki saman shagon shayi suka shirya baje kolin rubutu. Limaminmu, Liman Hai, zai kawo Larabcinsa da yake yi da alƙalamin Sin. Wani tsohon malamin makaranta zai kawo rubutun Sinanci. Bango na tsakiya na Gao ne. Saura kwana tara, likita kuma ya riga ya sallamo shi gida, ya ce a ba shi duk abin da yake sha'awar ci.

"Zauna, mai farar hula," ya ce. "Magana zan yi maka kafin Lanfen ta dawo daga kasuwa."

Lanfen ita ce 'yarsa tilo. Tana aure a Zhengzhou, ta baro miji da aiki ta zo jinya.

"A katin shaidata an rubuta ni ɗan ƙabilar Han, ka sani. Ƙona gawata za a yi. Ku Musulmi ne aka yarje wa binnewa a ƙasa."

"Kai dai ba ka da magana sai mara daɗi."

"Yi shiru ka ji. Jikina na haƙura da shi. Amma waɗannan," ya taɓa akwatin da ƙafa, "akwai sunan Ubangiji a cikinsu. Kakata ta ce ba a yar da su, ba a ƙona su. Binne su ake yi kamar mutum. Ko wadda ta ɓaci. Shi ya sa ban taɓa zubar da ko ɗaya ba. Fallenta ma yana nan a ƙasa. Ka kai mini su ƙasa, Ding. Cikin abin da ta koya mini, wannan kaɗai ya rage wanda ban karya ba."

"Ka gaya wa 'yarka mana."

"Sau uku ina farawa. Da na ambaci mutuwa sai ta tofar da yawu, ta ce in daina kiranta, ta fita tsakar gida tana kuka. Kai za ka gaya mata bayan na tafi. Tana tsoronka tun tana rarrafe."

"Kowa ma ya kamata ya ji tsorona."

"Ban da tumaki ban ga wanda ya kamata ba."

Na ce masa na ɗauka. Ban yi rantsuwa ba, don a lungunmu an san idan Ding ya ce ya ɗauka, ya ɗauka.

Lanfen ta shigo da ledar alayyafo, ta dube mu. "Baffa Ding, kai ma biye masa kake yi? Likita cewa ya yi ya kwanta."

"Ubanki ya taɓa jin maganar wani? Ga romon rago can na kawo, ɗumama masa."

Ya sha cokali huɗu ya ture kwanon, ya ce gishirin ya yi yawa kamar bakin mai shi.

Kwana biyar muka yi muna ɓata takarda. A na shida, da hantsi, ya ce in zauna a bayansa in tallafi gwiwar hannunsa. Na ce ban san rubutu ba. Ya ce ba rubutu zan yi ba, ginshiƙi zan zama, ginshiƙi kuwa ba ya surutu. Na riƙe. Babu nama a hannun, ƙashi ne da fata, ni kuwa na san nauyin ƙashi. Ya fara daga dama kamar yadda Liman ke fara nasa. Ina jin kowane jan alƙalami yana bi ta hannunsa yana shiga nawa. Layi tara ne. Da ya kai ƙarshe rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya daɗe yana kallon takardar.

"Ba laifi," ya ce. "Mahaucin ya ɗan karkata a layi na shida, amma ba laifi."

Da yamma masu shirya bikin suka zo suka karɓe ta. Washegari bayan sallar azahar na ji kukan Lanfen ta saman katanga.

Yanzu zan faɗi abin da na yi, ba zan yi wa kaina ado ba. Na shiga na ga gawarsa, na rufe masa ƙafa, na yi wa Lanfen gaisuwa. Akwatin yana nan ƙarƙashin gado, ina ganin gefensa. Amma kafin la'asar dangin mijinta suka iso. Suka kafa hotonsa a kan tebur, suka kunna turaren tsinke, kowa ya shigo sai ya durƙusa ya kai goshi ƙasa sau uku. Mu ba ma kai goshi ƙasa don ɗan Adam. Idan na shiga na tsaya ƙiƙam, na ci fuskar masu makoki. Idan na durƙusa, na ci tawa. Haka ubana ya yi da aka rasa uban Gao: ya aika da abinci, ya zauna a gidansa har aka gama. Na ce ni ma haka zan yi. Yarinyar tana cikin zafin rashi, ba lokacin maganar akwati ba ne. A kwana uku, a kwashe turaren, sai in shiga. Na aika musu da tukunyar taliya da nama, na rufe ƙofata.

Rana ta uku ita ce ranar buɗe baje kolin. Da sassafe aka fita da gawarsa zuwa wurin ƙonawa, kafin hantsi motar ta dawo da su da ɗan akwatin tokarsa. Na sa farar hulata na tafi saman shagon shayi.

Ɗakin ya cika. An jera kujerun roba, an zuba gyaɗa da 'ya'yan kankana a faranti. A hagu Larabcin Liman Hai, mai kauri da lanƙwasa, a dama Sinancin malamin makaranta, a tsakiya na Gao, an ɗaura masa baƙin ƙyalle a kusurwa. Wata baƙuwa da ta zo daga ƙasar waje ta tsaya gabansa, ta fara karantawa a bayyane. Shekara ashirin da wani abu yana zana waɗannan baƙaƙe, ga ni ina jin sautinsu, shi bai taɓa ji ba. Wata tsohuwa daga gidan Zhao, cikin jikokin Yahudawan, ta rufe fuska da gyalenta.

Liman Hai ya matso kusa da ni. Ya san zancen akwatin, don na tambaye shi ko akwai wuri a gefen maƙabartarmu, ya ce akwai.

"Tsoho Ding, ka kai kayan ne?"

"Tukuna, Liman. Sai an kwashe turare."

Ya dube ni. "Yau kwana uku fa. Kai da ka tsufa a cikinsu, ka manta abin da suke yi yau? Duk abin da mamaci ya fi so..."

Ban tsaya jin ƙarshen ba. Ban san yadda na sauko matakalar nan ba. Shekarata saba'in da huɗu, amma na yi gudu a titi, mai keken kaya ya zage ni, na zage shi.

Tun daga bakin lungu na ga hayaƙin. Sun zana da'ira da alli a ƙasa, sun sa babban daron ƙarfe a ciki. Lanfen tana durƙushe cikin farar rigar makoki, tana juya wutar da sanda. Akwatin yana gefenta a buɗe, babu komai ciki sai jaridar da aka shimfiɗa a gindinsa.

Ta ɗago, idanunta sun yi ja, amma murmushi take yi.

"Baffa Ding, ka zo. Duba, duka na aika masa. Su Goggo sun ce takardun kuɗi da gidan kwali da ake ƙona wa mamaci sun isa, na ce ba ku san babana ba. Me zai yi da gida idan babu rubutunsa? Har na kakar tasa na haɗa masa, don ya sami abin kwafa. Ga alƙaluman ma sun shiga." Ta goge hanci da bayan hannu. "Da safe zai tashi ya ga komai na nan."

Ni mutum ne mai faɗa. Na kori yaran shago a kan abin da bai kai wannan ba, ɗana na cikina ya yi shekara bai zo gidana ba saboda bakina. Amma yau wa zan yi wa faɗan? Ita ba ta sani ba, ni aka gaya wa. Taku goma sha biyu ne daga ƙofata zuwa ƙarƙashin gadon nan, na kwana biyu ina tsaron goshina.

"Baffa, lafiya? Ka yi shiru."

"Kin kyauta," na ce.

Muka tsaya har wutar ta lafa. Mijinta ya kawo tsintsiya zai share tokar ya zuba a kwata.

"Ajiye tsintsiyar nan," na ce masa. "Tokar tawa ce."

"Me za ka yi da toka, Baba?"

"Da na tambaye ka me kake yi da kanka?"

Ya ja da baya. Na shiga gida na ɗauko sabon farin yadi, cikin wanda na tanada don likkafanina, na yago kamu biyu. Na durƙusa na dinga kwasa da hannu. Lanfen ta zuba mini ido. Yarinya ce mai hankali tun tana ƙarama.

"Ya bar maka wata magana, ko?"

Na ci gaba da kwasa.

"Baffa Ding, don Allah. Kuskure na yi?"

"A'a, 'yata. Ba ke ba."

Ta kalli akwatin, ta kalli yadin. Murmushin ya tafi. Ba ta sake tambaya ba. Ta sa hannu biyu cikin daron tana taya ni kwasa, hawayenta na ɗiga suna yin ƙananan ramuka a tokar.

Ni kaɗai na shiga motar haya zuwa bayan gari, ƙullin yana kan cinyata, ɗuminsa yana ratsa wandona. Mai gadin maƙabarta ya ara mini fartanya, ya nuna mini wurin da Liman ya ce, a gindin katanga ta waje. Ƙasar ta yi tauri. Na yi ta sara ina hutawa har ramin ya kai gwiwa. Na sa ƙullin, na mayar da ƙasa, na daddale da tafin hannu. Ban san addu'arsu ba, tamu kuma ban san ko ta halatta a nan ba, don haka ban ce komai ba.

Mai gadin ya leƙo ya ce la'asar ta yi, ya ajiye mini buta a kan dutse ya koma. Na zauna a ƙasa. Hannuwana baƙi ƙirin har wuyan hannu, tokar ta shige cikin kowace tsaga da ƙarƙashin farce. Na daɗe ina kallonsu, butar tana gefena.