Takardu Sittin da Ɗaya, Rubutun Hannu Ɗaya

Shekara tara sakatariyar ta yi a sashen tattara kaya na kamfanin, kowa Anti yake ce mata. A ƙarshen kowace shekara hedikwata kan aiko da takardun jin ra'ayi, kowane ma'aikaci ya rubuta yadda yake jin aikin, ba suna. Bara Anti ta rubuta gaskiya, cewa manaja yana zagin dattijai kuma yana hana hutun rashin lafiya. Manajan ya gane rubutunta. Ya tara ma'aikata ya karanta takardar yana kwaikwayon muryarta, sannan ya sa aka mayar da teburinta bakin ƙofar banɗaki. Ta koma can da aikinta, amma ba ta manta ba.

Bana da takardun suka iso, sai manajan ya zube mata su.

"Ba na son surutun bara. Ki cike su duka, ki rubuta abin kirki. Ga jerin sunaye, kowa takarda ɗaya."

"Duka, yallaɓai?"

"Kurma ce ke?"

Ta duba jerin. Mutum sittin da ɗaya, har da tsohon mai kula da sito, wanda ya roƙi hutun kwana uku aka hana shi, ya faɗi a tsakanin kwalaye, ya rasu wata huɗu da suka wuce. Manajan ko cire sunansa bai tuna ya yi ba.

Anti ta zaɓi biro kore. Ba ta sauya hannu ko sau ɗaya ba. A kowace takarda ta rubuta: "Manajanmu uba ne, ba mu da kuka." A saman kowacce ta sa lambar ma'aikacin, ta marigayin a kan gaba. Manajan ya leƙa biyu, ya yi murmushi, ya sa hannu a ambulan.

Bayan mako biyu wata jami'a ta zo daga hedikwata, ta kira Anti ɗakin taro, ta baje takardun.

"Baiwar Allah, matattu ma suna cike takarda a nan?"

"Idan yallaɓai ya ba da umarni, ranki ya daɗe."

Daga nan bakin kowa ya buɗe. Kwana uku jami'ar tana sauraron mutane, har masu shara.

An ba Anti takardar gargaɗi, ta karɓa hannu biyu. Manajan kuwa aka sallame shi. Suka haɗu a matakala yana rungume da kwalin kayansa, gumi ya jiƙa masa kwala.

"Ashe ke muguwa ce," ya ce a hankali.

"A wurinka na koya, yallaɓai."

Ba ta ba shi hanya ba. Dole ya raɓa jikin bango ya wuce, ita kuma ta tsaya tana kallonsa har ya kai ƙasa.