Baftismar Jan Biro

Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa a firamare, kuma ko da ya yi ritaya bai ajiye jan bironsa ba. Da shi yake gyara sanarwar coci, da shi yake gyara wasiƙar 'yarsa, har takardar likita ya taɓa sa wa waƙafi. Shi ya sa kowa ke ce masa Jan Biro, a bayan idonsa dai; a gabansa Malam ne. A ikilisiyarsu shi ne dattijon da ke koyar da ajin masu shirin baftisma, kuma abu biyu ne ba ya ɗaga ƙafa a kansu: a nutsar da mutum har gashin kai, a kuma faɗi kalmomin cif, cikin sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki. Wanda aka yayyafa wa ruwa, in ji shi, wanke masa fuska kawai aka yi.

Abokin gardamarsa ƙanen matarsa ne, mai aski, wanda ke zuwa wata coci a bayan tasha inda ake baftisma cikin sunan Yesu kaɗai. Duk Lahadi yakan zo cin abincin rana, kuma kafin a ɗauke kwanuka sun fara.

Ranar da abin ya faru akwai baƙuwa a gidan, yayar Jan Biro, wadda ta zo a duba mata ido a asibiti. Tana zaune kusa da taga tana ɓare lemo.

"Malam, ka nuna mini wuri ɗaya da manzanni suka tsaya a ruwa suka jera sunaye uku," in ji mai aski. "Duk inda na karanta, cikin sunan Yesu suka yi."

"Kai kuma ka nuna mini inda Ubangiji ya janye umarninsa. Da bakinsa ya jera su. Manzanni ɗalibai ne. Ɗalibi yana gyara wa malami?"

"To shi wanda ya yi wa Ubangijin baftisma a kogi, me ya faɗa?"

"Ba a rubuta ba."

"Ka gani! Tun kafinsa ma mutanen ƙasar suna wankan tsarki. Daga can abin ya samo asali, ba daga ajinka ba."

Jan Biro ya ɗaga cokali kamar alli. "Ƙane, ina tausayinka ne. Kalma ɗaya ta faɗi, baftisma ta faɗi. Kai yanzu haka da kake zaune, jiƙa ka kawai aka yi."

Sai yaya ta tofar da ƙwallon lemo a tafinta ta ce, "In haka ne, kai ma jiƙa ka aka yi."

Matar Jan Biro ta tsaya da faranti a hannu.

"Yaya, me kika ce?"

"Ina bakin kogin ranar, ni na riƙe maka riga. Kana ɗan shekara goma sha uku, tsoron ruwa ya sa ka toshe kunnuwa da yatsu tun kafin a taɓa ka. Tsohon fasto ya ce cikin sunan Uba, ya ce da Ɗa, yana danna ka ƙasa sai ƙaguwa ta kama masa babban yatsa. Abin da duk muka ji shi ne, da wayyo ƙafata! Ya sake ka ya yi waje da tsalle. Da kanka ka taso."

Mai aski ya yi dariya har ruwa ya sarƙe shi, sai da yayarsa, matar Jan Biro, ta bubbuga masa baya. Jan Biro bai yi dariya ba. Ya tuna kogin, ya tuna sanyin ruwan, ya tuna yadda ya taso ya ga mutane suna rufe baki da hannu. Shekara hamsin da huɗu yana ɗauka kuka suke yi don murna.

"Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Baba ya hana. Ya ce kai mai ɗaukar abu da zafi ne." Ta ci gaba da ɓare lemonta. "Bai yi ƙarya ba."

Kwana uku Jan Biro bai ci abincin kirki ba. Ya ɗauko takardar shaidar baftismarsa daga ƙasan akwati, ya karanta gaba da baya. Takardar ba ta ce komai a kan ƙaguwa ba. Ya riƙa lissafa mutanen da ya mayar aji saboda an yayyafa musu ruwa a wata coci, da sau nawa ya miƙa gurasar jibin Ubangiji da wannan hannun. Matarsa ta ce, "Malam, ni dai da Kirista na yi aure, kuma da shi nake zaune. Ka sha shayinka." Ya sha rabi ya ture.

Ran Alhamis ya sa rigarsa mai kyau ya shiga mota. Tsohon faston ya daɗe da rasuwa, amma matarsa tana nan da rai a gidan autarta, tafiyar awa biyu. Ya same ta a baranda cikin kujera, ƙafafu a kan matashi, shekarunta sun haura casa'in. Sai da ya faɗi sunan mahaifinsa sau uku da ƙarfi ta gane shi.

"Au, ɗan ƙaguwa!" ta ce, ta tafa hannu. "Ashe kana nan. Ka tsufa."

Ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya kamata, sannan ya tambaya ko marigayi ya ƙarasa kalmomin, ko da a ransa ne, ko da daga bakin gaɓa.

"Ina fa! Daga bakin gaɓa abin da ya faɗa ba zan maimaita ba. Amma abin ya dame shi, ɗana. Mako guda yana ɗingishi yana cewa ya bar aikin Allah rabi. Da ƙafar ta yi sauƙi muka je gidanku, muka tarar zazzaɓi ya kwantar da kai, ko mutane ba ka ganewa. Ya ce a ba shi ruwa a kofi. Ya faɗi sunayen nan uku, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ni ce shaida."

Zuciyar Jan Biro ta yi sanyi. Sai kuma ya ɗago kai. "Mama, a kofi?"

"Kofin shayin babanka."

"Wato yayyafa mini ya yi?"

"Uku ya ɗiga maka a goshi. Ka yi atishawa."

A mota yana dawowa ya yi ta juya maganar. An nutsar da shi babu cikakkun kalmomi, an faɗi cikakkun kalmomi babu nutsarwa. Ya gwada haɗa rabi da rabi su ba da ɗaya, amma bai taɓa yarda ɗalibi ya amsa rabin tambaya ran Litinin ya kawo sauran mako mai zuwa ba.

Bai biya gida ba, ya wuce ofishin faston yanzu, wanda ya taɓa zama ɗalibinsa a aji huɗu kuma har yau yakan miƙe tsaye in ya shigo. Faston ya saurara har ƙarshe, yana cije leɓe a wasu wuraren.

"Baba, ni a ganina babu abin da ya rage. Allah ya ji abin da marigayi ya yi niyyar faɗa."

"Maki nawa na ba niyya a aji huɗu?"

"Babu, Baba."

"To."

"Amma masana sun daɗe suna wannan muhawara. Tun zamanin farko akwai inda ake zuba ruwa a kai in babu kogi, ko in mutum ba shi da lafiya."

"Akwai kogi. Na gan shi. Ka sa sunana cikin masu baftisma na wata mai zuwa."

Faston ya sosa ƙeya. Dokar ikilisiya, wadda Jan Biro ya rubuta da hannunsa, ta ce babu wanda za a yi wa baftisma sai ya zauna aji ya ci jarrabawa, kuma malamin ajin shi ne mai neman shiga. Aka rasa yadda za a yi, sai aka ba matarsa takardar tambayoyin. Ta zaunar da shi a teburin cin abinci, ta karɓi jan biron daga aljihunsa, ta ba shi goma sha tara cikin ashirin. Ɗayan ta cire ne saboda ya yi gardama da tambayar.

Ranar baftisma aka cika kwamin baftisma da ke bayan coci da ruwa tun da safe. Mutum tara ne a layi cikin fararen kaya, takwas matasa, na tara mai furfura. Labari ya riga ya zaga, don haka cocin ta cika har da waɗanda ba a gani sai ranar biki. Jan Biro ya yi zaton kunya za ta kashe shi. Da ya sa ƙafa a matakalar farko, sai ya tsaya cak, ba don jama'a ba. Ashe har yanzu tsoron ruwa yake. Wata yarinya 'yar ajinsa, wadda ta fito tana ɗigar ruwa, ta ce masa a hankali, "Malam, ba zurfi." Ya ce ya sani, ya kuma gode mata.

Faston ya dafa masa ƙeya, ya faɗi kalmomin ɗaya ɗaya kamar mai karatu a gaban sufeto. Jan Biro ya bi kowace da kai, ya ji ta uku ta fita lafiya, sannan ya rufe ido ya saki jiki. Da ya taso mata suka ɗauki waƙa, matarsa ta rufa masa tawul, yayarsa da ido ɗaya a naɗe da bandeji ta ce ita dai wannan karon ba ta ga komai ba, kada a sake kiranta shaida.

Ruwan kwamin ya yi sanyi, washegari mura ta kwantar da shi. A rana ta uku mai aski ya zo da jakarsa ya yi masa gyaran fuska a gida. Ya zaunar da shi a tsakar gida, ya shafa masa kumfa, ya ɗora aska a maƙogwaro, sannan ya ce, "Malam, akwai abin da zan faɗa maka. Ina tsaye dab da kwamin ranar. Da ka nutse, na ce cikin sunan Yesu, a hankali. Don dai kada a sake samun giɓi."

Jan Biro ya zare ido, amma aska na kan wuya, ba halin magana. Dole ya yi shiru har aka gama gefen dama, aka gama na hagu, aka goge kumfar. Kafin nan fushin ya huce. Ya karɓi madubi ya duba haɓarsa, ya nuna wani wuri ƙarƙashin kunne.

"Ka bar gashi a nan," ya ce.

Mai aski ya duba, ya ga gaskiya ne, ya sake buɗe askar.