Makullin Kamiyon Bawa

Mijinyawa maci amana ne, kuma ba zan sassauta masa ba.

Bawa direba ne ya kawo shi Yamai daga ƙauyensu na ƙasar Tawa, a shekarar da fari ya ƙarar da dabbobi. Ya sauke shi a gidansa na unguwar Lamorde, ya koya masa tuƙi, ya roƙi shef, wato shugabansu, har aka ɗauke shi karen mota a babban kamfanin da yake aiki.

Aikin kamfani da daɗi, kada a yi ƙarya. Ga buhun shinkafa duk wata, alhali a ƙauye ana tonon gidan tururuwa neman tsaba. Ga likita kyauta ga Sa'adatu matar Bawa, mai ciwon ƙirji. Amma akwai doka: kamiyo, wato babbar motar, na kaya ne, ba a ɗaukar mutum ko da uwarka ce.

Wata rana suna dawowa daga arewa, mota ba kaya, suka tarar da mata da yara suna tafiya a ƙasa, yunwa ta koro su. Bawa ya taka birki.

"Yaya, doka fa," in ji Mijinyawa.

"Dokar ta taɓa tafiya da goyo cikin rana? Sauka ka buɗe musu baya, sarkin tsoro."

Ya sauka yana dariya, har da ɗaga wata tsohuwa. Washegari ya riga kowa zuwa biron shef, wato ofishinsa, ya kai tsegumi.

Aka kira Bawa. Shef bai ko ɗago kai ba, ya kira shi da "malam" irin na Faransanci. "Mushe Bawa, kamfani ba gidan sadaka ba ne. Ajiye makulli."

Bawa ya dubi Mijinyawa da ke raɓe bayan ƙofa. "Kai ne?"

"Yaya, ni ma ina son gaba."

"Da tuwon gidana a cikinka?"

Mijinyawa ya sa hannu ya ɗauki makullin. Daga ranar likitan kamfani bai sake duba Sa'adatu ba, kuma ba ta ga damina ba.

Shef kuwa ya sami direban da ba ya cewa a'a. Ya sa shi kwasar hatsin agaji zuwa wani gidan shef ɗin a unguwar Dar es Salam. Sojoji, waɗanda ba su daɗe da karɓar mulki ba, suka tare kamiyon a hanya. Kamfani ya ce direba ne ya fita da mota ba izini.

Aka kai Mijinyawa gidan kaso. Can ya tsufa.