Fankar Motar Baba

Auta ya yi furfura, amma a gidan har yau Auta yake. Shi ya sa da Yaya ta ce a sayar wa masu sayen ƙarfe motar marigayi Baba kafin ta ƙone musu gida, ba ta nemi ra'ayinsa ba. Inna ce ta hana. Ta ce a bar yaron ya gwada gyarawa tukuna.

Gaskiyar Yaya ce, motar tana warin ƙonannen roba. Da Auta ya ɗaga bonet, ya ga dalili. A gindin lagireto akwai ɗan makunni mai jin zafin ruwa, wanda aikinsa ya tayar da fanka idan injin ya ɗau zafi, ya kashe ta idan ya huce. Wani gwani ya tsinke wayoyinsa, ya haɗa fanka kai tsaye. Ana murɗa makulli take fara kururuwa, ko da sanyin safiya, siririyar wayar kuma tana dahuwa a hankali.

Ya bi wayar da yatsa yana tsaki. Kashin ɓera, salatif da ya narke ya koma kamar majina, leda a inda salatif ya ƙare. A mahaɗar ƙarshe ya tarar da filastar asibiti, ta yi baƙi, tana danƙo. Da ya warware ta, wari ya bugi hancinsa, ga sawun haƙora a jikin robar wayar. Da baki aka fere ta. Ya tsine wa makanikin da ya yi wannan aiki, ya haɗa da wanda ya koya masa.

Inna na zaune a bakin gareji tana jan carbi. Ta ce ya rage tsinuwa, mahaifinsa ne ya haɗa da hannunsa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaure raunuka a asibiti, da me zai ɗaure waya?

Auta ya haɗiye sauran zagin. Ya ɗaura sabon makunni, ya ja sabuwar waya mai kauri, ya sa fis mai katse wuta idan ta yi yawa, ya liƙe kowace mahaɗa da dalma. Ya murɗa makulli. Injin ya tashi lafiya lau, fanka ta yi tsit tana jiran zafi, kamar yadda masu ƙera ta suka so.

Inna ta karkata kunne.

"Ina ƙarar?"

Ya yi mata bayanin zafin ruwa dalla-dalla. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce ita da wannan ƙarar take sanin maigidan ya dawo, tun daga kwanar layi.

"Wannan ba motarsa ba ce. Kira yayarka ta turo mutanenta."

Ta miƙe ta shige ciki.

Auta ya daɗe yana kallon aikinsa, aiki mafi tsabta da aka taɓa yi wa motar nan. Sai ya ɗauki filaya ya datse wayoyin makunnin, ya haɗa fanka kai tsaye. Da waya mai kauri dai, da fis, don kada Yaya ta sake jin wari. Sabon makunnin ya bar shi a gindin lagireto yana ƙyalli, bai haɗu da komai ba.

Ya murɗa makulli, fanka ta kurma ihu. Daga ciki Inna ta aiko a tambaye shi ko ya ci abinci. Ya tofar da guntun robar wayar da ya fere da baki, ya tafi neman sabulun wanke hannu.